Rumbun bayanan kayan shago na kowa da kowa: ta ina za a fara a Kano?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Na gama karatun kwamfuta, yanzu ina taya kawuna zama a shagonsa na kayan masarufi a kasuwar Singa. Na sa masa manhajar lissafin kaya, amma sai da na shafe sati uku ina shigar da sunan kowane kaya da hannu. Maƙwabcinmu da ya sa tasa shi ma haka ya yi, kaya iri ɗaya, wahala sau biyu. Shi ne nake tunanin me zai hana mu haɗu mu gina rumbun bayanai guda na kayan da ake sayarwa a shagunanmu, kowa ya zuba abin da ya sani, kowa ya ɗiba kyauta? Na kuma ji ana cewa a yi shi da tsarin bayanai masu haɗe da juna irin na Wikidata. Zai yiwu a nan? Ta ina zan fara, kuma me zan kiyaya?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa shagon kawu albarka, kai kuma ya ƙara maka basira. Tambayarka ta yi mini daɗi ƙwarai, domin wahalar nan ta sati uku ni ma na sha ta, ba sau ɗaya ba. Shekaru ke nan ina haɗa wa masu shaguna da kantuna manhajar lissafin kaya a cikin garin nan, kuma kowane sabon shago sai an koma farko: a zauna a gaban kanta, a ɗauko gwangwani, a juya shi, a rubuta. Idan na samu sarari kuma ina zuba bayanai a Open Food Facts, buɗaɗɗen rumbun bayanan kayan abinci, da Wikidata, rumbun bayanai na kowa da kowa, ɗan'uwan Wikipedia. Abin da zan faɗa maka ke nan daga cikin aikin ya fito.

Idan na fahimce ka, so kake a samu wuri guda da mai shago zai haska lambar jikin kaya da wayarsa, sunan kayan da girmansa da kamfanin da ya yi shi su fito masa ba tare da ya biya kowa ba. Idan kayan babu shi a ciki ya ƙara shi, domin na bayansa ya huta. Kana kuma son a gina shi yadda zai gane yaren sauran rumbunan duniya, su ma su gane nasa. Zai yiwu, an kuma yi irinsa a wasu wurare. Sai dai wahalar ba a wurin kwamfuta take ba. Kai da ka karanci fannin, 'yan makonni sun ishe ka ka tayar da uwar garke, wato kwamfutar da za ta riƙe rumbun a intanet, da manhajar waya. Inda aikin yake cin mutum shi ne yanke hukunci a kan abin da ake nufi da kaya ɗaya, sai kuma yadda za a yarda da maganar wanda ba a sani ba.

## Abin da wasu suka riga suka gina

Zanen nan mai layi-layi baƙi da fari, wato bakod, an fara haska shi a kanti a watan Yunin 1974 a garin Troy na jihar Ohayo a Amurka, a jikin fakitin cingam. Ƙungiyar da ke raba lambobin a yau ita ce GS1, tana kuma da reshe a Najeriya. Lambar da ka fi gani a shago alƙaluma 13 ce. Ukun farko suna nuna reshen da kamfanin ya yi rajista da shi: 615 Najeriya, 603 Ghana, 890 Indiya, 629 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, 690 zuwa 699 Chaina. A nan mutane da yawa suke kuskure, har da masu yaɗa saƙonni a WhatsApp. Lambar ba ta gaya maka ƙasar da aka yi kayan. Ɗan kasuwar Kano zai iya rajista a nan, ya sa a yi masa kaya a Guangzhou, a buga masa 615 a jiki.

Alƙalami na ƙarshe na tantancewa ne, kuma ya kamata manhajarka ta riƙa lissafa shi kafin ta karɓi kowace lamba. Ga wata da na haɗa don misali kawai: 615123456789. Tara alƙaluman da ke gurbi na 1, na 3, na 5 har zuwa na 11, za ka samu 31. Tara na gurbi na 2, na 4 har zuwa na 12, za ka samu 26, ka ninka sau 3 ya zama 78. Jimla 109. Abin da ya rage ta cika 110 shi ne 1, don haka cikakkiyar lambar 6151234567891 ce. Wannan ɗan lissafin kaɗai zai tare maka yawancin kuskuren yatsa.

GS1 lamba take rabawa, amma bayanin abin da kowace lamba take nufi yana hannun kamfanoni. GS1 tana da shafin da za ka duba lamba ɗai-ɗai, amma ba rumbu ba ne da za ka sauke gaba ɗaya ka sa a manhajarka. Irin wannan giɓin ne Open Food Facts yake cikewa, wanda wani Bafaranshe, Stéphane Gigandet, ya buɗe a 2012. Tunaninsa daidai da naka ne: ka haska, ka ɗauki hoton gaban kaya da jerin kayan haɗi da teburin sinadaran abinci, ka tura. Yanzu kayan da ke ciki sun haura miliyan 3, kowa na iya sauke su duka, har sun buɗe 'yan'uwansa na kayan kwalliya da na sauran kayayyaki. A shekarar dai, watan Oktoba, aka buɗe Wikidata. Ka sa manhajar Open Food Facts a wayarka yau, ka bi kantar kawu kana haskawa. Za ka ga kason Najeriya ƙanƙani ne idan an kwatanta da na Faransa, amma za ka samu wasu kayan sun riga ka shiga. Duk abin da yake abinci ne a rufe mai bakod, shawarata ka zuba shi can. Ƙarfinka ka ajiye shi ga abin da mutumin Paris ba zai iya gani ba, kuma shi ne mafi yawan abin da ake saye da sayarwa a Kano.

## Mene ne kaya ɗaya?

Ɗauki madarar garin nan ta leda da ke rataye a shagonku. Yaro ya zo ya sayi leda ɗaya. Mai shayi ya sayi rol. Mai tebur daga unguwa ya sayi rabin katan. Ɗan sari daga Haɗeja ko Maraɗi ya loda katan 50 a mota. Madarar ɗaya ce, abin sayarwa kuwa huɗu ne. Ledar tana da lambarta mai alƙaluma 13. Katan yana da tasa daban, galibi mai alƙaluma 14 a cikin baƙin firam mai kauri. Rol da rabin katan sau da yawa ba su da komai, alhali a kansu ake yin ciniki mai yawa a Singa. Idan rumbunka ya ce lamba ɗaya ita ce kaya ɗaya, ka bar mai shayi da mai tebur a waje. Dole ka raba abin da ke cikin ledar da matakan da ake ɗaure shi: leda kaza ke yin rol, rol kaza ke yin katan, kowane mataki da nasa gurbi.

Ita kanta lambar ba kullum take faɗin gaskiya ba. Ƙa'idar GS1 ita ce idan aka canza nauyin da aka rubuta a jikin kaya, sai an ba shi sabuwar lamba, kuma tun 2019 ba a yarda a sake amfani da tsohuwar lamba a kan wani kaya ba. Amma na taɓa riƙe ledar garin wanki biyu a hannuna a wani shago, kala ɗaya, hoto ɗaya, bakod ɗaya, ɗaya daga tsohon katan ɗaya daga sabo, nauyin da aka rubuta a sabuwar ya gaza na tsohuwar da 'yan giram. Mai shagon kansa bai lura ba sai da muka jera su a kan kanta. Wata rana kuma na haska robar yogot ta wani ƙaramin kamfani, sai wayata ta kawo mini biskit na wata ƙasa. Da na bi diddigi, ashe wanda ya zana musu lakabin ne ya kwafo hoton bakod daga intanet ya liƙa, don kayan su yi kama da na manyan kamfanoni. Ba mugunta ba ce, bai san lambar tana da mai ita ba. Akwai kuma lambobin da suka fara da 20 zuwa 29, waɗanda aka ware wa kantuna su riƙa bugawa a kan abin da suka auna da kansu, irin nama ko burodi. Kanti biyu za su iya ba wa abu biyu daban lamba ɗaya, kuma babu wanda ya yi laifi.

Sai suna, nan ne nake ganin dukiyar aikinka take. Babu mai shigowa Singa ya karanto maka sunan da ke jikin kwali. Makilin zai ce ko da ba Macleans yake nufi ba. Duk garin wanki omo ne, duk dunƙule magi ne, duk taliyar yara indomi ce, duk man shafawa mai kauri basilin ne. Man gyaɗa muke cewa ko da babu ƙwayar gyaɗa ɗaya a cikin jarkar. Wani kayan ma da kalarsa aka san shi ko da hoton jikinsa: mai jan marfi, mai hoton saniya, ƙarami, babba. Yaron shago ya haddace wannan duka a kansa, kuma babu inda aka rubuta shi. Rumbun da ya san cewa mai jan marfi a Singa abu kaza ne, a Sabon Gari kuma wataƙila wani abu ne daban, ya yi abin da babu wani kamfani a duniya da zai yi mana. Ka ba kowane kaya gurbin suna da yawa, kowanne da harshensa da kasuwar da ake faɗinsa. Ka kuma sa binciken ya yi haƙuri da rubutunmu: wani zai rubuta sukari, wani suga, wani tumatir, wani tumatur, mafi yawa kuma wayarsu ba ta da ƙ da ɗ da ɓ. A ajiye sunan da ƙugiyarsa daidai, amma wanda ya rubuta kulli ya samu ƙulli. Har gurbin ajami ka bari, domin akwai dattawan da har gobe da shi suke rubuta littafin bashi.

Daga nan kuma sai kayan da ba su san bakod ba sam. Gero da dawa da wake da riɗi a Dawanau, tattasai da albasa a Yankaba, kuka, daddawa, yaji, ƙuli-ƙuli, turaren wuta, zuma a kwalbar da aka wanke. A Kantin Kwari ana sayen atamfa turmi-turmi, yadi 6, kuma zanen jikinta sunan da kasuwa ta sa masa shi ne sunansa. Su ma'aunan nan sai an yi musu rajista kamar yadda aka yi wa kaya. Kwano awon cika ne, ba na nauyi ba, shi ya sa kwanon gero da kwanon shinkafa ba sa hawa sikeli daidai. Wani mai awon yana tara hannu a bakin kwano, wani ba ya tarawa. Bisa al'ada ana lissafa babban buhu kwano 40, amma ka san ba kowane buhu ne yake cika hakan ba. Kada ka rubuta cewa kwano kilo kaza ne a matsayin doka. Ka rubuta cewa ranar kaza, a kasuwa kaza, an ɗora kwanon gero a sikeli ya ba da kaza. Idan irin wannan awon ya taru, matsakaicin zai fito da kansa.

Saboda duk wannan, hukuncin farko da nake so ka yanke shi ne: kowane abu a rumbunka ya samu lambar gida, wadda ba ta da wata ma'ana, ba ta canzawa, ba a kuma sake ba wa wani. Bakod ya zama ɗaya daga cikin bayanan da ke jikin abu, wani yana da ɗaya, wani biyu, wani babu. Idan an gano abu ɗaya ya shiga sau biyu a haɗe su, tsohuwar lambar ta riƙa kai mutum ga sabuwar, kada a goge ta. Sannan ka ajiye bakod a matsayin rubutu, ba adadi ba. Na taɓa asarar aikin kwana biyu saboda manhajar jadawali ta ɗauki lambobin a matsayin kuɗi, ta zubar da sifilin farko na wasu, ta dunƙule sauran zuwa irin 6.15E+12, aka kuma adana fayil ɗin a haka.

## Haɗa bayanai da juna

Abin ya fi sunansa sauƙi. Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, ya zayyana shi a 2006. Ka ba kowane abu suna mai siffar adireshin intanet, adireshin ya zama wanda za a iya buɗewa, idan an buɗe a samu bayani cikin tsarin da na'ura za ta karanta, a cikin bayanin kuma a samu adireshin wasu abubuwan. Shi ke nan. Kowane bayani kuma ana karya shi zuwa jimla mai gaɓa uku: abu, alaƙa, amsa. Gwangwanin nan, alamarsa, Peak. Peak, mai sarrafa ta a nan, FrieslandCampina WAMCO. Kamfanin, ƙasarsa, Najeriya. A gaɓar ƙarshen nan ba za ka rubuta kalmar Najeriya ba, wadda wani zai rubuta Nijeriya wani Nigeria. Za ka sa Q1033, lambarta a Wikidata, wadda take ɗaya a kowane harshe. Su alaƙoƙin ma suna da lambobi a can: P176 mai ƙera kaya, P495 ƙasar asali, P31 irin abin da abu yake.

Amfaninsa yana fitowa ne a ranar da aka yi maka tambayar da ba ka shirya mata ba. Wani ɗalibi a Jami'ar Bayero yana son sanin kayan da ke kantunan Kano waɗanda ake yi a Sharaɗa da Bompai da Challawa. Wata uwa tana son sanin wane biskit ne babu gyaɗa a ciki saboda ɗanta. Idan kayanka a ɗaure suke da kamfani, kamfani da wurinsa, kayan haɗi da sunayensu na duniya, tambaya ɗaya ta SPARQL, harshen da ake yi wa irin waɗannan rumbuna tambaya da shi, za ta bi igiyar ta kawo amsa, ko da rabin amsar a rumbun wasu take. Tsarin yana kuma tilasta maka ka raba alama da mai ƙera kaya, abin da jadawali yake cakuɗawa. Indomie alama ce da ta samo asali daga Indunusiya, amma wadda ke shagonku kamfanin Dufil ne yake yin ta a Najeriya.

Kada ka ƙirƙiro kalmomin alaƙa naka alhali akwai na gama-gari. Schema.org, kundin irin waɗannan kalmomi wanda Google da Microsoft da Yahoo suka kafa a 2011, yana da duk abin da kake buƙata a farko. Akwai wani bambanci a cikinsa da ya zo daga aikin Martin Hepp mai suna GoodRelations, wanda nake ganin kamar don kasuwarmu aka yi shi: kaya daban, tayin sayarwa daban. Farashi ba sifar madara ba ne. Sifar tayin da wani ya yi ne a wuri kaza, rana kaza, a kan rol ko katan. A garin da farashin safe ba lallai ya kai la'asar ba, duk wanda ya liƙa farashi a jikin kaya ya gina rumbun da zai tsufa kafin ya gama shi.

Game da manhaja, ba sai ka rubuta komai daga tushe ba. Wikibase, injin da Wikidata take tafiya a kansa, kyauta ne, yana zuwa da tarihin gyara da harsuna da yawa da gurbin kafa hujja a kan kowane bayani. OpenRefine, manhajar tsabtace bayanai, zai taimaka maka wajen daidaita sunayen kamfanoni da lambobinsu na Wikidata. ODK Collect ko KoboToolbox, manhajojin tattara bayanai ta waya, suna haska bakod su ɗauki hoto ba tare da intanet ba, su tura idan sabis ya dawo, ka kuwa san yadda sabis yake a cikin layukan kasuwa. Ita Wikidata kanta kada ka juye mata kowace ledar alewa, tana da ƙa'idar abin da ya cancanci shiga. Kamfanoni, alamomi, nau'o'in kaya da sunayensu na Hausa su ne nata, kuma masu aikin Wikipedia ta Hausa abokan tafiya ne da ya kamata ka nema.

## Gayya ba ta taruwa sai da dalili

Mutane suna zuwa gayyar noma ne domin an dafa abinci, kuma sun san gobe za a zo tasu gonar. Idan ka ce wa mai shago ya zauna ya cika fom domin amfanin al'umma, zai yi maka addu'a ya koma kan cinikinsa, kuma yana da gaskiya. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a ɓoye gayyar a cikin aikin da dama zai yi. Yana shigar da kaya a manhajar shagonsa, ya haska, idan akwai kayan a rumbu suna ya cika da kansa, ya ji daɗi. Idan babu, dole ne dama ya rubuta don kansa, sai manhajar ta tambaye shi ko ya yarda a raba sunan da hoton. Ka kuma sa a ranka cewa a irin wannan aiki 'yan tsiraru ne suke ɗaukar mafi yawan nauyin. Mutum biyar masu naci sun fi maka ɗari masu leƙowa. Ka san su, ka riƙa kiran su, sunan aikinsu ya fito a jikin abin da suka yi.

Yarda kuma da hoto ake samun ta, gani ya kori ji. Ni ba na karɓar bayanin kaya a rufe sai da hoton gaba, hoton baya da hoton bakod, yadda duk mai shakka zai buɗe ya karanta da idonsa. Mu da muka tashi muna jin malamai suna tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Kowane bayani ya zo da wanda ya shigar da shi, da ranar, da kasuwar, da hujjarsa. Idan biyu suka saɓa, kamar ledojin garin wankin nan, kada sabo ya goge tsoho. A bar su duka, kowanne da kwanan watansa. Bayan shekara biyu wannan tarihin zai nuna yadda kaya suke ƙanƙancewa a hannun talaka, abin da yanzu kowa yana ji a jikinsa amma babu mai takardar nunawa.

Ka kiyaye sirrin 'yan kasuwa. Farashin sari da sunan dilan da mutum yake ɗauka a wurinsa jarinsa ne, ranar da ya ji ƙishin-ƙishin cewa sun fita, ko cewa masu haraji za su iya ganin yawan kayansa, ya bar ka ke nan, ya kuma gaya wa layinsu gaba ɗaya. Adadin kaya da ciniki kada su bar wayarsa. Idan za a tara farashi, ya zama na ɗai-ɗai, da izini, a rubuta sunan kasuwa ba na shago ba. Hoton waya yakan ɗauko wurin da aka ɗauke shi a ɓoye a cikin fayil ɗin, a cire wannan kafin a wallafa, a kuma yanke fuskar duk wanda ya faɗo a ciki. Lambobin wayar masu taimaka maka suna ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta 2023.

## Lasisi, tun kafin a zuba bayani na farko

A shekarun 1990 jama'a sun taru sun cika wani rumbu mai suna CDDB da sunayen waƙoƙin faya-fayan CD, kyauta, da hannunsu. Daga baya ya koma hannun kamfani, aka sa sharuɗɗa a kan amfani da shi, waɗanda suka gina shi suka zama baƙi a ciki. Wannan ne ya haifar da MusicBrainz, buɗaɗɗen rumbun bayanan waƙoƙi. Ina kawo maka labarin ne domin niyyarka mai kyau ba ta isa kariya ba. Gobe za ka iya samun aiki a Abuja, ko wani ya zo da kuɗi. Abin da kake ginawa kamar rijiyar wakafi ne, sai an rubuta an sa shaidu.

Zaɓi biyu ne a gabanka. Wikidata tana kan CC0, wato kowa ya ɗiba ya yi yadda ya so ba sharaɗi. Open Food Facts da OpenStreetMap, taswirar duniya da jama'a suke zanawa, suna kan ODbL, wato ka ɗiba, ka ambaci inda ka samo, idan kuma ka gyara rumbun ka fitar wa jama'a, gyaran ma ya zama a buɗe. Bayanin CC0 yana iya shiga rumbun ODbL, amma na ODbL ba ya juyuwa cikin Wikidata. Ni da zan zaɓa, sunayen Hausa da ma'aunai da nau'o'in kaya zan sa su a CC0 domin su bazu ko'ina, har cikin manhajojin fassara. Bayanan kayan da suka cakuɗu da na Open Food Facts kuma dole su bi ODbL. Kowane wata a fitar da kwafin rumbun gaba ɗaya a wurin da ba kai kaɗai ke riƙe da makullinsa ba. Kada kuma ka kwashi hotuna da bayanai daga shafukan kantunan intanet, suna da masu su, kuma ɗigo ɗaya na irin wannan zai iya gurɓata maka rijiyar. A nan ilimina na mai aiki ne ba na lauya ba, ka kai wa lauya takardar sharuɗɗan ya duba kafin ka buɗe wa jama'a.

## Inda rumbun ba zai kai ba

Mutane za su so ya gaya musu jabu da na gaske, kai ma za ka so ka yi musu alƙawarin haka. Kada ka yi. Mai yin jabu yana kwafar bakod da lambar NAFDAC yadda suke, wayarka za ta haska ta ce ta san kayan. Abin da rumbun zai iya shi ne ya ajiye lambar NAFDAC da alamar SON, hukumar kula da ingancin kaya, kamar yadda aka buga su, ya nuna hoton lakabin da aka saba gani, ya kuma yi ishara idan lamba ɗaya ta fito a jikin kaya biyu da ba su da alaƙa. Hukunci na hukuma ne. Kada ka buɗe gurbin da kowa zai rubuta cewa kayan wane jabu ne, abokin hamayya zai fara amfani da shi kafin mai gaskiya.

Magunguna kuwa ka bar su a yanzu. Kuskure a nauyin biskit gyara ne, kuskure a ƙarfin maganin yara rai ne. NAFDAC tana da nata rajistar da ake dubawa a intanet mai suna Greenbook, kuma ranar da za a shiga wannan fage sai da masana harhaɗa magunguna a gaba. Ƙwarewata ni ma a kayan masarufi da na kanti take. Abin da na faɗa game da hatsi da atamfa ka kai shi gaban mutanen Dawanau da Kwari su gyara maka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ka riga ka shigar da kayan shagon kawu, wannan shi ne irin shukarka. Nemi izininsa, ka cire farashi da adadi da sunayen diloli, ka ɗauki rukuni ɗaya kawai, a ce madara da kayan shayi. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da hoto uku-uku, ka zauna da yaron shagon da ya fi daɗewa ya faɗa maka sunan da masu saye suke kiran kowanne, da yadda ake ɗaure shi daga leda zuwa katan. Sannan ka karɓi jerin maƙwabcinku na wannan rukunin ka gwada haɗa su. Duk inda jerin biyu suka ƙi haɗuwa, rubuta dalilin a littafi: nan suna ne ya bambanta, nan girma ne, nan shi katan ya shigar kai leda. Daga wannan littafin za ka fitar da tsarin rumbun, kafin ka kama hayar uwar garke. Idan ka kai nan ka turo mini jerin biyu da littafin, mu duba tare.